Sisi da Taro: Darasin Lambar Ƙasa

Kowace shekara, mu malaman lissafi muna cin karo da kuskure guda a takardun ɗalibanmu. In muka ce a haɗa 1/2 da 1/3, sai yaro ya tara lambobin sama, ya tara na ƙasa, ya rubuta 2/5. Abin mamaki, 2/5 bai ma kai rabi ba. Ashe mutum zai riƙe rabin rake, a ƙara masa wani guntu, ya tarar raken ya ragu? Mun yi ta tunani a kan wannan, muka gane cewa yaran sun iya tarawa sarai. Abin da ya ɓace musu shi ne aikin lambar ƙasa.

Lambar ƙasa suna ce. Tana gaya mana gida nawa aka raba abu, wato girman kowane yanki. Lambar sama kuwa ƙidaya ce, yanki nawa muka ɗauka. Hausawa sun daɗe da sunayen nan: rabi, sulusi, rubu'i, humusi, sudusi, sumuni, har ushiri, wato ɗaya bisa goma da muke fitarwa a ikilisiya. Maƙwabtanmu Musulmi da su suke rabon gado. To, ana tara ƙidaya, amma ba a tara suna. Wanda ya auna tiya biyu ta gero da gwangwani uku a kasuwar Shuwarin ba zai ce yana da biyar ba, don za a tambaye shi, biyar ɗin me?

Iyayenmu da kakanninmu, waɗanda da yawansu ba su taɓa zama a aji ba, sun san wannan. Kafin Naira ta fito ranar 1 ga Janairu, 1973, da fam da sule da kwabo ake ciniki. Sule 20 ne fam ɗaya, kwabo 12 kuma sule ɗaya. Sisi kwabo 6 ne, wato rabin sule. Taro kwabo 3 ne, wato rubu'in sule. In tsohuwa mai dabino a Dutse ta karɓi sisi da taro, nan take ta san nai ke hannunta, kwabo 9. Ku duba abin da ta yi. Ta mai da rabi 6/12, ta mai da rubu'i 3/12, ta tara ta sami 9/12, wato 3/4 na sule. Kwabo ne ma'aunin da ya haɗa su. Kuɗin sun shuɗe, sai dai har yau muna cewa wane ba shi da ko sisi.

Bari mu koma kan 1/2 da 1/3 da wannan dabara. Rabin sule kwabo 6, sulusinsa kwabo 4. Jimla kwabo 10 cikin 12, wato 5/6. A aji mukan ce a nemi ƙaramar lambar da 2 da 3 za su raba ba saura, ita ce 6. Rabi ya zama 3/6, sulusi ya zama 2/6. Yanzu da sunansu ya zo ɗaya, sai a tara na sama kaɗai, a bar ta ƙasa yadda take. Girman rabon bai canja ba, an dai yanka shi ƙanana ne.

Kada wani ya ce wannan na ɗakin jarrabawa ne kawai. A ce manomi a Kiyawa ya shuka gero a rabin gonarsa, gyaɗa a sulusinta, yana so ya sa riɗi a sauran. Abin da ya rage masa 1/6 ne. In ɗansa ɗan makaranta ya lissafa masa 2/5, zai ɗauka 3/5 na gonar na nan, ya sayo iri da taki fiye da ninki uku na bukatarsa. Asarar ke nan, a lokacin da kuɗi suka fi wuya a gida. Haka abin yake ga tela mai yanka yadi, da ma'ajin ƙungiyar mata mai raba gudummawa, da magina masu auna siminti. Ga shi kuma ɗalibin da bai ci lissafi a WAEC ko NECO ba, ƙofofi da yawa sukan rufe masa.

Saboda haka muna roƙonku, ya ku ɗalibai, ku riƙe abu biyu. Kafin ku tara, ku dubi ƙasa tukuna, ku tabbata sunan ɗaya ne. Bayan kun gama, ku tambayi kanku ko amsar ta fi abin da kuka fara da shi. Ku kuma iyaye, in yaro ya dawo hutu, ku ba shi lemo ko rake ya raba wa ƙannensa, ku sa ya faɗi sunan kowane kaso. In akwai tsoho a gidan, a roƙe shi ya ba da labarin sisi da taro.

Ubangiji ya ba mu hikima da ma'aunin gaskiya. Amin.