Tekun da ya kwanta a Sakkwato da karatun 'ya'yanmu

Da yawa daga cikinmu a Nasarawa Gwom jikokin masu kuza ne. Kakana daga ƙasar Kano ya hawo Jos, kuma aikinsa wanke ƙasa a kwano har baƙin kuza ya kwanta, yashi ya tafi. Saboda haka nake mamaki idan na ji uba a unguwar nan yana raina karatun duwatsu.

A matsayina na sakatare, ni nake karɓar takardun masu neman tallafin karatu. Bana wani dattijo ya ce mini: "Malam Sakatare, da likitanci yarinyar nan ta samu da na sayar da fili. Amma Jami'ar Jos ta ba ta jiyoloji, wai tsintar ƙwari a cikin dutse." Na nemi yarinyar ta yi mini bayani, na kuma bi abin da karatu. Ga abin da na fahimta.

Ƙwarin sunansu ostirakod, dangin ƙaguwa da jatan lande ne. Yawancinsu ba su wuce milimita 1 ba, wato kamar ƙwayar acca. Kowanne yana cikin ɓawo biyu masu buɗewa da rufewa kamar makankari. Sun fi shekara miliyan 450 a duniya, kuma har gobe suna nan a teku da tafkuna. In sun mutu, ɓawon ya nutse cikin laka, laka ta zama dutse, ɓawon yana ciki.

Duwatsunmu na Jos ba su da su, don daga narkakken dutse suka daskare. Sai an gangara. A Kalambaina, kusa da birnin Sakkwato, inda ake haƙar farin dutse ana yin siminti, akwai su jingim. Dalili kuwa, kimanin shekara miliyan 60 da suka wuce, teku ya ratso Sahara daga arewa, ta Mali da Nijar, ya kwanta a ƙasar Sakkwato. Ikon Allah ke nan. Simintin da ake gini da shi ragowar halittun ruwa ne.

Yadda ake fito da su sai ya tuna mini da kakana. Ana jiƙa dutsen har ya saki, a wanke a rariya mai ƙananan idanu, a shanya. Sannan a zuba a ƙarƙashin madubin ƙara girma, a riƙa ɗaukarsu ɗai-ɗai da jiƙaƙƙen buroshi, ana ajiye kowane iri a gidansa.

Wahalar tana wajen rarrabewa. Ana duba siffar ɓawon: mai santsi ne, mai ramuka ne, ko mai ƙaya? Ana duba 'yan haƙoran da ke wurin da ɓawon biyu suka haɗu. Ana duba tabon da tsoka ta bari a ciki, don kowane dangi da irin zanensa, kamar tsagar gado a fuskar mutanen da. Ga kuma tarko: ƙwaron yana yin saɓa kamar sau takwas kafin ya girma, kuma namiji da tamace sukan bambanta a siffa. Mai gaggawa sai ya raɗa wa uwa da ɗanta suna biyu. Duk wanda ya taɓa riƙe rajistar ƙungiya ya san ɓarnar da ake yi idan aka rubuta mutum ɗaya sau biyu.

Me ya sa suna yake da muhimmanci haka? Richard Reyment, wanda ya yi aiki a Najeriya a shekarun 1950 da 1960, ya siffanta da yawa daga cikinsu. Akwai wanda aka sa wa Bairdia ilaroensis, daga sunan garin Ilaro na Jihar Ogun. An samu irinsa a Sakkwato, an same shi a Libiya. Da irin wannan shaida masana suka bi sawun tekun. Da kowa ya kira shi da sunan da ya ga dama, da ba a gane abu ɗaya ba ne.

Amfanin bai tsaya a tarihi ba. Kowane iri yana da zamaninsa da ruwan da yake so, wani na gishiri, wani na daɗi, wani mai zurfi. Masu haƙar rijiyar mai suna duba irin waɗannan ƙananan burbushi a ɓarɓashin da ke fitowa don su san shekarun dutsen da suka kai. Ga Kolmani nan a iyakar Bauchi da Gombe, inda aka ƙaddamar da aikin mai a Nuwamban 2022. Ga simintin Ashaka, ga neman ruwan ƙarƙashin ƙasa. Duk aikin masu ilimin duwatsu ne.

Iyayenmu sun tono kuza, wasu suka auna, suka sa farashi. Har yau samarinmu suna shiga ramuka da gatari da fitila, wani ba ya fitowa. Idan Allah ya ba mu 'yar da za ta karanta dutse da ido da alƙalami, bai kamata mu ne masu karya mata gwiwa ba. Takardarta tana cikin waɗanda zan gabatar a zama mai zuwa, kuma ina roƙon iyaye su halarta.

Allah ya yi wa zuri'armu albarka, amin.