Baƙuntar Talibambam



Da wuya a ambaci talibambam a gaban Bahaushe bai yi murmushi ba. Sunan ya daɗe da zama abin tsokanar yaro mai ƙaton ciki, kuma abin da yawancin mutane suka sani game da kifin bai wuce guda ba: in aka taɓa shi sai ya kumbura kamar ƙwallo. Mu da muke kiwonsa a tankin gilashi a falonmu mun fahimci cewa wannan kumburin da ake marmarin gani tsoro ne tsagwaronsa. Ruwa yake haɗiya da gaggawa domin ya fi ƙarfin bakin mai son cinye shi. Don haka babban aikin mai kiwonsa shi ne ya shirya masa zaman da ba zai buƙaci kumbura ba.

Namu daga Yawuri aka kawo shi, wurin masuntan kogin Neja, tsawonsa bai fi yatsa ba. Irinsa ne masanin nan ɗan ƙasar Suwidin, Linnaeus, ya raɗa wa suna Tetraodon lineatus a 1758, ma'ana mai haƙora huɗu, mai zane-zane a jiki. Ana samunsa a kogin Nilu da Neja da Bolta da Sanagal da Tafkin Chadi, masu kiwonsa a Turai kuma suna kiransa fahaka, sunan da suka aro daga Larabci. Kifi ne mai makamai. Haƙoransa huɗu sun haɗe kamar bakin aku, akwai ƙananan ƙayoyi a fatarsa, kuma danginsa sun shahara da guba a jiki, har ma a Japan sai mai lasisi ke da izinin gyara na teku don ci. Duk da haka, tafiyar yini guda a cikin leda ta isa ta sa wannan jarumi ya ƙi abinci.

Mun fara yi masa shimfiɗa tun mako biyar kafin zuwansa. Tankin mai lita 200 ne, muka cika shi, muka sa maganin kashe kulorin, muka kunna matatar ruwa tana aiki dare da rana babu kifi a ciki. Dalili shi ne kashin kifi da ragowar abinci suna zama amoniya, ita kuwa guba ce. Wasu ƙwayoyin bakteriya masu amfani ne ke sarrafa ta, kuma sukan ɗauki mako huɗu zuwa shida kafin su yi yawa a matata. Talibambam ba shi da ɓawo a jiki irin na karfasa, shi ya sa gurɓataccen ruwa ke saurin yi masa illa. Muka shimfiɗa rairayi mai laushi a ƙasa saboda yana son binne kansa, muka kifa rabin tulu a kusurwa guda.

Ranar da ya iso, ledar muka ɗora a saman ruwan na minti ashirin domin ɗuminsu ya daidaita, sannan muka riƙa zuba ruwan tankin a cikinta kaɗan-kaɗan. Da kwano muka ɗauke shi, yana cikin ruwa, ba a sa raga ba. In ya kumbura a waje iska zai haɗiya, ita kuwa fitar da ita na yi masa wuya, har takan kashe shi. Da ya shiga, bai tsaya kallon kowa ba, ya zarce ƙarƙashin tulun. Muka kashe fitila.

Kwana huɗu yana wurin. Jikinsa ya yi duhu, ya naɗe wutsiya a gefe, cikinsa ya fara lotsawa. Mun sa masa tana, mun sa ƙananan dodon koɗi, ko motsi bai yi ba. Duk wanda ya taɓa jinyar yaron da ya ƙi abinci ya san irin wannan zullumin. Autarmu, wadda ta yi wata guda tana ba ƙawayenta labarin kifin da za a kawo, ta riƙa tambaya, "Baba, ko ba ya son mu ne?" A rana ta uku Kawu ya kawo ziyara, ya leƙa bai ga komai ba, ya ce, "Ku ɗan zungure shi mana ya kumbura mu gani." Muka ce, "Kawu, a yi masa haƙuri, baƙo ne, bai ko sha ruwan gidan ba tukuna." Ya yi dariya ya ce ai kuwa shi ne ya fi kowa shan ruwan gidan, amma ya janye hannunsa.

A nan ne jarrabawar take, domin abin da zuciya ke raya wa mutum a irin wannan hali shi ne ya ɗage tulun, ya ƙara haske, ya kai abinci har bakin kifin. Muka yi akasin haka. Muka ƙara maɓoya biyu, da guntun itace da ciyawar ruwa, muka rufe gefe uku na gilashin da baƙar takarda. Kifin da ke da maɓoya ɗaya tak ba ya yarda ya yi nisa da ita. In ya ga duk inda ya juya akwai wurin gudu a kusa, sai ya samu ƙarfin halin fitowa.

Muka kuma kafa doka a falo. Ba a ƙwanƙwasa gilashi, domin ƙara tana tafiya a ruwa da saurin da ya ninka na iska fiye da sau huɗu, kuma kifi da jikinsa yake jin girgizarta. Ba a wucewa da gudu, ba a leƙo shi ta sama kamar shirwa. Mutum ɗaya ne ke ba da abinci, bayan magariba, a kusurwa ɗaya, daga farin kwano ɗaya. Tanar da bai ci ba mukan cire ta kafin ta ɓata ruwa. Bayan haka sai a zauna a tabarma nesa kaɗan, a ci gaba da hira kamar an manta da shi. Idanunsa kowanne da kansa yake juyawa, don haka sau da yawa mukan hango ɗaya ya leƙo daga bakin tulu yana bin mu. Hausawa sun ce kifi na ganinka mai jar koma. Abin da muke so ya gane a hankali shi ne babu koma a hannunmu.

A daren kwana na biyar, ana tsakiyar hira, muka ji wani ƙaras daga tankin, kamar an fasa gyaɗa. Autar ta miƙe za ta ruga, yayarta ta riƙe ta. Da safe muka ga ɓarɓashin ɓawon dodon koɗi a kan rairayi. A mako na biyu ya fara shawagi in fitila na kashe, da ƙananan fukafukansa na gefe masu kaɗawa kamar fanka. A na uku ya gane farin kwanon. Da ya hango shi sai ya taso gaban gilashi yana sama yana ƙasa, jikinsa ya washe, cikinsa ya yi haske.

Masu fatan alheri sun ba mu shawarar a sa masa aboki ya ɗebe masa kewa. Ba mu karɓa ba, domin talibambam irin wannan ba ya zama da kowa, kifin da aka sa masa yakan tashi da guntun wutsiya ko ya zama kalaci. Abin da yake buƙata daga gare mu shi ne abubuwa su riƙa zuwa yadda ya saba. Duk mako mukan canja kashi ɗaya cikin uku na ruwan. Muna lura kada ɗuminsa ya fita daga digiri 24 zuwa 28, da hunturu mu kunna hita, in an ɗauke wuta mu sa famfon iska mai batir. Dodon koɗi kuwa har kiwonsa muke yi a bokiti, saboda haƙoransa ba sa daina girma, sai da tauna abu mai tauri suke zaizayewa.

Mu mutane ne masu son baƙo, amma wani lokaci son namu kan yi wa baƙon nauyi. Amarya a sabon gida, ko yaron da aka kawo riƙo, kowa na so su saki jiki a ranar farko, a cika su da tambaya da "ci mana, ci mana". Zaman da muka yi da wannan kifin ya sa muka lura cewa mai kunya ya fi saurin sabawa in ya san yana da ɗakin da ba za a kutso masa ba.

Yanzu wata huɗu ke nan. Ɗige-ɗigen ƙuruciyarsa sun fara komawa dogayen zane, kuma ba mu taɓa ganinsa a kumbure ba. Irinsa kan haura santimita 40, don haka mun fara tara kuɗin tanki mai lita 450. Ranar ƙaura za mu ɗauki rabin tulun nan mu fara ajiye masa a sabon wurin, sannan shi ya biyo baya a cikin kwano.