Daga Sabon Gari zuwa Kurmi ta Ƙofar Wambai

A Sabon Gari na hau adaidaita sahu, unguwar da aka yanka a zamanin Turawa, layi-layi kamar gidan dara. Wannan fasali ya girmi Turawan Ingila nesa ba kusa ba. Girkawa sun jingina shi ga Hifodamus, mutumin Miletus, wanda ya tsara Firayus, tashar jiragen ruwan Atina, wajen shekara 450 kafin haihuwar Annabi Isa (AS): tituna miƙaƙƙu suna gitta juna, da filin kasuwa inda jama'a ke taruwa.

Muka ratsa Fagge, na sauka a Ƙofar Wambai. Dilolin gwanjo, robobi, takalma, masu baro suna ta "a ba da hanya!" Sai ka nutsu kafin ka tuna cewa bakin birni kake, domin kasuwa da gine-ginen siminti sun cinye ganuwar da Sarki Gijimasu (1095–1134) ya aza harsashinta, Muhammadu Rumfa (1463–1499) ya faɗaɗa.

Ina kutsawa ciki sai hanya ta tsuke. Lungu ya karya dama, ya karya hagu, ya haifi wani. Tsofaffin gidajen tubali, masu rufin azara da zanko a kusurwa, sun ba titi baya. Zaure kaɗai ke kallon mai wucewa, shi ma ba ya bari ido ya kai tsakar gida. Katanga ta kusanci katanga, inuwa ba ta yankewa ko da rana tsaka. Masu cewa an gina birni ba tsari, ina jin ba su taɓa takawa a nan cikin bazara ba. Masanin Girka Aristotal kansa, duk da ya yaba kyan tsarin Hifodamus, ya ga cewa a ranar yaƙi karkatattun lunguna sun fi tsaro, don suna rikita baƙo. Atina ma haka tsofaffin unguwanninta suke.

Na tarar da wani dattijo a dakalin ƙofar gidansa, muka gaisa.

"Baba, don Allah ina hanyar Kurmi?"

"Ɗana, bi masu ɗauke da kaya. Duk can suka nufa."

Na bi su. Kurmi, kasuwar da Rumfa ya kafa a gefen rafin Jakara, ita ce cibiyar da hanyoyin ƙofofi ke gangarowa, tun zamanin da ayarin fatake ke sauke gishirin Bilma da goron Gwanja. Ƙamshin kanumfari da citta ne ya fara tarbata, sannan rumfunan masu sirdi da linzami.