Waƙafi Biyu da Sunan Gari

Duk wanda ya tashi da Hausa a bakinsa ya san yadda harshensa ke raba waɗannan kalmomi: *wanda* na namiji, *wadda* ta mace, *waɗanda* na jam'i. Hausa ba ruwanta da ko mutum ake magana a kai ko abu. Daurama *wadda* ce, rijiyar Kusugu ma *wadda* ce. Turanci kuwa wata tambaya yake yi daban: mutum ne ko abu? *Who* na mutum, *which* na abu. Shi ya sa garin Babban Mutum da ke ƙaramar hukumar Baure, duk da sunan da yake amsawa, *which* yake ɗauka a Turanci, ba *who* ba.

Wannan ba ya da wuyar gyara. Haka ma irin su *the man whom I saw him*, wanda ba komai ba ne illa "mutumin da na gan shi" sanye da rigar Turanci. A goge *him*, magana ta ƙare.

Abin da ke hana ni sakat a matsayina na ɗan jarida shi ne waƙafi. A watan Agustan 2019 gwamnatin Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin ƙasa na tudu, sai a Disambar 2020 aka fara buɗe wasu. A wannan tsakani idon 'yan jarida ya koma kan garuruwan bakin iyakar Nijar da batun fasa-ƙwaurin shinkafa. A ɗauka wakili ya rubuto: *The traders of Babban Mutum who smuggle rice are on the run.* Ya ware wasu 'yan kasuwa ke nan daga cikin sauran, su kaɗai yake zargi. To, a sa waƙafi kafin *who*, a sa wani bayan *rice*. Nan take jimlar ta ce duk ɗan kasuwar garin ɗan fasa-ƙwauri ne, har da mai tireda da mai sayar da gero, kuma dukansu sun tsere. Mai karatu a Legas, wanda bai taɓa taka Baure ba, haka zai ɗauka.

Abin mamakin shi ne Hausa ta san wannan bambanci sarai. "'Yan kasuwar da ke fasa-ƙwauri" daban, "'yan kasuwar, waɗanda dama fasa-ƙwauri ne sana'arsu" daban, kuma ko yaro ba zai haɗa su ba. A rubutun Turanci ne kawai muke yafa waƙafi duk inda numfashi ya tsaya mana.

Akwai gwaji mai sauƙi: *that* ba ta shiga tsakanin waƙafi biyu irin waɗannan, don haka in ta zauna daidai a gurbin *who*, waƙafin ba shi da wurin zama. Ni dai in irin wannan jimla ta zo teburina, waya nake ɗauka in kira wakilin in ce, "Malam, dukansu kake nufi, ko wasu daga cikinsu?"