"Inna, Zauna Ki Huta" Ba Kullum Ne Gata Ba

Akwai wata magana da ake yawan faɗa wa iyaye mata da surukai a gidajenmu, da zuciya ɗaya kuma ake faɗinta: "Inna, zauna ki huta." Ta ɗauki tsintsiya a karɓe. Ta nufi randa wata yarinya ta riga ta. Ta ce za ta leƙa maƙwabta a ce bari a aiki yaro. A wurinmu wannan shi ne ladabi, shi ne kuma gatan da ake yi wa wadda ta sha wahalar rainonmu. To amma abin da na gani ga goggona ya sa nake son mu sake duba irin wannan hutu.

Goggo, ƙanwar babana, ta yi shekaru tana noman zogala a wani ɗan lambu a bakin gulbi. Kullum da ƙafa take zuwa, da ƙafa take dawowa da ƙwarya a kai. Ta haura shekara 65 ba ta san sanda ba. Da ƴaƴanta maza suka samu buɗi sai suka ce ta daina, kada mutane su ce sun bar uwarsu tana wahala. Ta daina. Daka ma an daɗe da barin ta, tunda injin niƙa ya shigo unguwa. Daga tabarma sai gado, daga gado sai tabarma. Kafin shekara biyu sallah ta koma yi a zaune, tashi kuwa sai ta dafa bango. Wani dare cikin damina ta fita zuwa makewayi, santsi ya ɗebe ta, ƙashin ƙugu ya karye.

Aka kai ta Maradi. Ƴarta, wadda muke zubi tare a asusunmu, ta ci bashin jikka 80 da ta yi niyyar sayen gyaɗa da shi don ƙuli-ƙuli da mai, duk ya tafi ga mota da magani. Ta bar sana'a wata huɗu tana jinya. Bashin dai ta biya, amma da ƙyar, sai da ta sayar da akuya. Goggo tana nan da ranta, alhamdu lillahi, sai dai har yau ba ta iya zuwa ƙofar gida sai an riƙe ta. Faɗuwa guda ta taɓa tsohuwa, ta taɓa sana'ar ƴarta, ta taɓa akwatinmu.

Ina cikin wannan damuwa ɗana da ke karatu a jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo ta Maradi ya zo hutu. Ya miƙo mani salularsa ya ce, "Mama, dubi tsofaffin Turawa." Na ga wasu tsofaffi, mata da maza, wasu ma a kan keken marasa lafiya, sun taru gaban talabijin. Ɗaya ta riƙe wani abu kamar rimot ta wurga hannu, sai ga ƙwallo cikin talabijin ta mirgina ta ture kwalabe goma da aka jera. Sauran suka ɗau tafi da shewa.

Ya bayyana mani cewa na'urar sunanta Wii, kamfanin Nintendo na ƙasar Japan ya fito da ita a 2006, an kuma sayar da fiye da miliyan 100. Abin da ke hannun tsohuwar yana jin yadda aka motsa shi, sai ya gaya wa na'urar, ita kuma ta nuna motsin a talabijin. Wato ba a yin wasan a zaune da yatsu kawai, dole jiki ya motsa. A 2007 suka ƙara wani faifai da ake hawa a tsaya, yana auna nauyin mutum da gefen da ya karkata. A 2010 kamfanin Microsoft na Amurka ya fito da Kinect, mai kyamara da ke ganin jikin mutum gaba ɗaya ba sai ya riƙe komai ba. Don nishaɗin gida aka ƙera su, amma gidajen kula da tsofaffi a Amurka da Turai, da asibitocin da ke koya wa masu shanyewar ɓarin jiki sake tafiya, suka karɓe su hannu biyu.

Na tambaye shi, "To me ya hana su fita su yi yawo kawai?" Ya ce, "Mama, in kika ce wa tsoho ya yi motsa jiki, kwana uku zai gaji. In wasa ne da ƴan uwa, ana ƙirga maki, gobe shi zai riga kowa zuwa."

Wannan magana ce ta tsaya mani a rai. Mu a Madarunfa ba mu da wannan na'ura, kuma ko an ba mu kyauta, wuta ta ɗauke wasa ya ƙare. Amma da na lura da kyau, abin da ke tayar da tsofaffin nan daga kujera abu uku ne: taro, dariya, da ɗan gasa. Duka ukun muna da su. Tun 1991 da ƙungiyar CARE ta soma tsarin Mata Masu Dubara a nan jihar Maradi, mata ke taruwa kowane mako ba fashi. Tsarin da aka soma a ƙauyukanmu ya bazu ƙasashe da dama na duniya. In mun iya riƙe akwati da makulli uku shekara da shekaru, riƙe minti goma na motsi ba zai gagare mu ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin mutum 684,000 ke mutuwa kowace shekara sanadiyyar faɗuwa, fiye da kashi 80 cikin 100 a ƙasashe marasa ƙarfi da masu matsakaicin ƙarfi, kuma waɗanda suka haura shekara 60 su suka fi yawa. Mu mata abin ya fi shafarmu, don bayan jinin al'ada ya ɗauke ƙashi yakan rage ƙwari. Shawarar hukumar ga wanda ya kai 65 ita ce aƙalla minti 150 na motsi a mako, sannan kwana uku ko fiye a yi abin da ke ƙarfafa ƙafa da tsayuwa. Minti 150 ba wani abin tsoro ba ne: rabin awa ne a rana, kwana biyar.

A ƙungiyarmu mun soma tun bayan girbi. Kafin a buɗe akwati sai a rufe ƙofar gida, mu kaɗai mata. A tashi daga kujera a zauna sau goma, wadda ta iya ba tare da dafa gwiwa ba. A riƙe bango a tsaya da ƙafa ɗaya, magatakarda tana ƙirgawa. A ja layi a ƙasa a bi shi, diddige na taɓa yatsa. Kowa ta gama ana ajiye mata tsakuwa a gabanta, wadda ta fi tsakuwa ta sha goro. Daga ƙarshe a yi tafi irin na gaɗa. Ranar farko kunya ta hana manya tashi, har sai da wata dattijuwa ta ce wa shugabarmu, "Ke ƴar nan, lokacin da nake gaɗa a dandali ba a haifi uwarki ba," ta miƙe ta gyara zane. Daga nan kowa ta saki jiki. Yanzu akwai masu zuwa da surukansu ko ba sa zubi.

Sai dai a yi hattara. Mai hawan jini, ko mai jin jiri ko ciwon ƙirji, ta fara zuwa likita a auna ta. A riƙa tsayawa kusa da bango, wata na gefe. Da bazara a yi da sanyin safiya ko bayan la'asar, a sha ruwa. A gida kuma a gyara hanyar makewayi, a zuba yashi inda ke santsi, a kwance igiyar da ta gitta tsakar gida, a ajiye wa tsohuwa tocila kusa da kanta, a canja mata silifas ɗin da ya suɗe.

Ba cewa nake a mayar da iyayenmu ga surfe da ɗaukar itace ba. Aikin da ke karya baya a ɗauke masu shi. Amma ƴar shara, da tsinkar zogala, da ba awaki dusa, da zuwa barka ko gaisuwa da ƙafa, a bar masu. Hausawa suka ce motsi ya fi laɓewa. Ina roƙon kowace shugaba ta kawo maganar nan a zaman mako mai zuwa, ku gwada wata guda, ku aiko wa wannan jarida yadda ta kaya. Allah ya ƙara wa iyayenmu lafiya, ya sa mu ma mu tsufa da ƙafafunmu.