Jirgin da na so saya wa ƙanena

Shekara biyu ƙanena ya yi a Aljeriya, ya dawo gida ba shi da ko kuɗin akuya. Da ya huta sai ya koma ga abin da ya tashi ya tarar ana yi a gidanmu, wato su a tafkin Madarumfa, kudu da Maraɗi. Matsalarsa guda ce: ba shi da jirgi. Na wani yake shiga, kuma duk abin da ya kamo sai an fid da kason mai jirgi kafin a yi zancen cefane. Ranar da mai abu ke son abinsa kuwa, a bakin ruwa yake yini yana kallo. Ni da ke aiki a Yamai na yi alkawari a gaban mahaifiyarmu cewa kafin ruwa ya ja baya zan saya masa nasa. Jikka 150 na iya tarawa, kuma in suka tafi babu wasu a bayansu.

Ana cikin haka, wajen ƙarshen 2023, lokacin da Turawa da yawa ke tattara komatsansu suna barin Yamai, wani abokina ya kai ni wani gida inda ake sayar da kayan da aka bari. A jingine da bango na ga wani ɗan jirgin roba, tsawonsa bai wuce mita 3 da ɗoriya ba. Kayak ake ce masa. Na kama gefensa na ɗaga, sai ga shi ya taso a hannuna ni kaɗai. Bai kai rabin buhun siminti da wani abu ba. Yana da wurin zama mai majingina, da ramukan kafa sandar fatsa, da filafili mai baki biyu. Kuɗin da aka yanka masa bai kai abin da ke aljihuna ba.

Gaskiya a daren nan ban yi barcin kirki ba. Na riƙa hango ƙanena ya ɗora shi a kan babur ya kai gida da yamma, ba fargabar ɓarawo, ba neman mutum huɗu su taya shi ja. Na shiga intanet na yi ta karatu. Ashe asalinsa na mutanen Inuit ne, mazauna ƙasashen ƙanƙara na can arewacin duniya, waɗanda ke ɗinka fatar dabbar teku a kan ƙirar itace ko ƙashi su fita farauta. Na zamani iri-iri ne. Akwai wanda ake hura wa iska, shi ya fi araha da sauƙin ɗauka, amma wanda ya san ƙayar kurungu da ƙugiyoyin mamari ba zai ɗora rayuwar ɗan'uwansa a kan balan-balan ba. Akwai wanda ake zura ƙafafu a cikinsa. Akwai kuma wanda ake zama a samansa, mai ramuka a ƙasa da ruwan da ya fantsamo ke zurarewa da kansa. Irin wannan na ƙarshen na gani, kuma shi masu fatsa a Turai da Amurka suka fi so.

Da safe na aika wa kawunmu hotonsa ta WhatsApp, a wayar ɗansa. Kawu ya tsufa a kan ruwa. Bai yaba ba, bai kushe ba, tambaya uku kawai ya yi mini.

Ya ce, "Ɗana, ana tsayuwa a kansa?"

Na ce ban yi tsammani ba, faɗinsa kaɗan ne. Ya ce to mai jefa birgi a zaune yake jefawa? Nan na fara jin sanyi a jikina. Duk bidiyon da na kalla, mutum ne da sanda ɗaya yana jiran kifi ɗaya, in ya kama ma wani lokaci ya ɗauki hoto ya mayar da shi ruwa. Ƙanena kuwa raga zai ja, jiƙaƙƙiya, ga gura da zai kai ya nutsar, ga tarwaɗa da karfasa da za a zuba a gaban ƙafarsa. A jikin jirgin an rubuta ba ya ɗaukar fiye da kilo 130. Na cire nauyin mutum, na ga abin da ya rage. Ita ce ma tambayar Kawu ta biyu: ina za a sa kaya?

Ta ukun ta fi zauna mini. "In ya tsage, wa ke gyara shi a nan?" Jirgin katako in ya fara yoyo, tsumma ne da ƙusa da kwalta, kafin azahar an koma ruwa. Robar kayak kuwa gam ba ya kama ta da kyau, sai dai a narka irinta a liƙe. Kuma rana na cin ta. Da na koma na dube shi da kyau, gefen da ke fuskantar rana ya koɗe, in ka danna yana da wani irin taurin da bai kwanta mini ba. Wannan a inuwar gida ke nan a Yamai. Ina ga ya yini a bakin tafki a watan Afrilu, zafi ya haura 40? Ban da iskar hunturu, wadda jirgi marar nauyi take kora kamar ƙwarya.

Ba na ce abin banza ba ne. Da ni zan saya wa kaina, in riƙa fita kogin Isa ranar Lahadi da ƙugiya, nesa da wuraren dorina, da ban yi jinkiri ba. Shi ma na katakon yana da nasa ciwon kai: in aka bar shi a tudu ya bushe, katakan su ja jiki su buɗe, in ya daɗe a ruwa kuma ruɓa na jiransa. Har yanzu ina ganin wanda ya ƙero mana jirgi mai sauƙin kayak da faɗin kwale-kwale zai yi ciniki daga Tabalak har Gidimuni.

A ƙarshe kafinta muka samu, Kawu ya tsaya a kansa. Ya ce a rage tsawo, a shimfiɗa ƙasan, kada a yi rowar ƙusa. Mita 4 aka yi, mutum biyu na iya ɗora shi a amalanke. Jikka 110 ya ci, sauran muka sa a raga da igiya.

Abu ɗaya na ɗauko daga gidan nan na Yamai: rigar hana nutsewa da ke rataye a jikin kayak ɗin, jikka 5. Na kai wa ƙanena na ce don Allah ya riƙa sawa. Ya ce to, Yaya. Da na je gida da ƙaramar Salla na tarar ya naɗe ta yana zama a kai, gorarsa ta dā kuma tana ɗaure a gindin jirgi. Na kai ƙara wurin Kawu, ya ce in bari sai ruwa ya cika da damina, shi zai yi masa magana.