Ɗaurin zane a Milafur

A shekara ta 2018 jinyar yayana ta kai ni Cennai, a kudancin Indiya, birnin da ake kira Madaras kafin 1996. Muka kama ɗaki a unguwar Milafur, gidan wani dattijo da matarsa, mabiya addinin Hindu. Gidan shiru yake, har ranar da ɗiyarsu ta zo hutu daga Amurka da ƴaƴa biyu, mace mai shekara 7 da namiji mai shekara 5.

Wata Juma'a da sassafe aka shirya kai yaran Kafalishwarar, babban ɗakin bautar Shiba da ke unguwar. Kakarsu, wadda suke kira Paati da harshen Tamil, ni kuwa kunnena Fati yake ji, ta buɗe akwati ta fiddo fatari na siliki mai bakin zinariya, saƙar Kancifuram, wanda uwar yarinyar ta sa tana ƙarama. Ta yi mata kitso guda, ta soka furannin yasmin, ta zura mata awarwaro, ta ɗiga mata ja a goshi. Yarinyar ta kasa rabuwa da madubi.

Wajen namijin aka sha daga. Uwarsa ta sayo masa beshti, farin zanen da mazan Tamil ke ɗaurawa, amma irin na zamani, mai mannewa da kansa. Kakan ya ƙi. Ya durƙusa da ƙyar, ya ɗaura masa na gargajiya. Yaron ya yi tsalle, zane ya zube. Sau uku ana haka. Na ce, "Baba, ba ku hutar da gwiwarku?" Ya ce, "Ɗana, mai mannewar ba ya buƙatata. Wannan kuwa dole ya tsaya gabana, ya ji dama da hagu da harshenmu."

Sai a lokacin na lura yaran ba su jin Tamil, kuma sati uku kawai tsohon yake da su.

Na raka su har ƙofa. Suka tuɓe takalma suka shiga, yaron na riƙe da ƙugu da hannu biyu. Ni kuwa na tsaya ina tuna ɗana a Yamai: kowace Salla tela ke aiko kayansa cikin leda, ban taɓa zama na karya masa hula da hannuna ba.